Malama Ta Ga Sunanka

Leeds, Ingila
9 ga Fabrairu, 1999

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar? Ina fata kina shan maganin, ba ajiye shi kike yi a kan kabad don ya yi wa ɗaki ado ba. Raphael da yara suna gaishe ki.

Yajin da kika ba Anti Lucy ta kawo mana ya ƙare cikin mako ɗaya. Mutanenmu na nan har daga Landan suke bugo waya suna tambaya. Raphael ya ce mu buɗe miki shago a intanet. Kar ki yi tsaki tukuna. Shago ne a cikin kwamfuta. Mutum yana zaune a gidansa zai ga hoton kwalba, ya danna, ta faɗa cikin wani abu da suke kira kwando, ya biya da katin banki, ni kuma in aika masa ta gidan waya. Ke dai ki ci gaba da daka, ki riƙa aiko mana ta hannun matafiya.

Kwandon nan furogiram ne, wato tsarin kwamfuta, kuma guda biyu Raphael ya samo. Ya ce ba zai zaɓa ba sai ke, don har yau yana jin tsoronki tun aji huɗu.

Na farkon wani kamfani ne ke riƙe da shi. Ba wahala. Duk wanda ya danna ya biya, ciniki ya faɗa, ba a tambayar kowa. Na biyun Raphael ne zai kafa shi da kansa, kuma ya ce zai cinye masa hutun ƙarshen mako kamar shida. Amma yana da wurin da mai saye zai rubuta ko shi waye da abin da yake so, sannan odar ta tsaya har mai shago ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Sai dai ba ta tsayawa har abada. Dole a saka mata kwanaki, a kuma gaya mata abin da za ta yi in kwanakin sun cika ba amsa: ta karɓa ko ta ƙi.

Ni na fi son na farko, ina da aikin asibiti da yara uku. Wane suna kuma za mu saka? Na tuna tsohon allonku na kasuwa, Yajin Malama da Hajiya. Yana da daɗin faɗi.

Ki amsa da wuri, ko ki je shagon waya ki kira.

'Yarki,
Emilia

*

Kafanchan
1 ga Maris, 1999

'Yata Emilia,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, tare da mijinki da jikokina. Ƙafar tana nan inda Allah ya ajiye ta, kuma ita ce ta kai ni Nok makon jiya na zaɓo citta da kaina.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Shagon waya ba zan je ba. Shekara talatin da ɗaya ina shugabar makaranta a garin nan, ba zan tsaya a layi ina ɗaga murya da zancen gidana a gaban yaran da na koya wa baƙi da wasali ba. Abin da ya cancanci a faɗa ya cancanci a rubuta.

Kwando na farko ban yarda da shi ba. Tun da na fara wannan sana'a ban taɓa miƙa wa mutum yaji ba tare da na tambaye shi wanda zai ci ba. Mai gyambon ciki ba a ba shi abin da ake ba direban jirgi. Na mai jego daban ne, ana rage barkono a ƙara kimba da masoro, kuma amfaninsa yana cikin kwana arba'in ɗin farko, bayan nan ya zama yajin kowa. Tsarin da zai ɗauki sunana ya sayar wa duk wanda ya danna, kamar mai tallar gyaɗa a tasha ta tagar jirgi, ba nawa ba ne. Ki gaya wa Raphael ya kafa na biyun. Yaron da ya iya maimaita aji huɗu bai mutu ba zai iya rasa hutu shida.

Ga sharuɗɗana, kuma ki ajiye takardar nan.

Baƙin da ba su san ni ba, ki karanta abin da suka rubuta, ki ba su abin da ya dace. Na koya miki, na kuma yarda da ke a kan wannan. Kowace kwalba a ƙara mata gyara cokali biyu, ko da tsarin bai san gyara ba.

Amma duk wanda ya rubuta cewa ya san ni, ko ya fito daga Kafanchan, sunansa ya zo gabana kafin a ba shi ko da ƙwayar kanumfari. Akwai mutanen da ba na sayar wa, kuma ba sai na bayyana dalili ba. Idan kika danna yarda a madadina sau ɗaya, to, ranar ce turmina zai daina aiki dominki.

Kwanakin jira ku saka talatin. Sun ishi wasiƙa ta zo ta koma. In suka cika ban amsa ba, tsarin ya ƙi. Ba za a ce e da bakina alhali ban buɗe shi ba.

Na san irin waɗannan injina suna da maganar da suke aika wa wanda aka ƙi, watakila su ce kaya sun ƙare, ko a yi haƙuri. Ba na son a yi ƙarya da sunana. A cire Turancinsu a saka wannan, harafi da harafi: “Malama Martina ta ga sunanka, kuma ba ta amince a sayar maka ba.”

Batun suna, Yajin Malama ya wadatar. Allon da kike tunawa na fasa shi na hura wuta da shi tun shekara goma sha biyu da suka wuce. Kada ki sake ambata mini shi.

Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarki,
Martina

*

Leeds
6 ga Yuni, 1999

Mama,

Gaisuwa da yawa. Zan yi sauri, Anti Lucy ba ta tafiya wannan watan, don haka ta gidan waya zan aiko.

Shago yana tafiya. Raphael ya rame amma kwandonki yana aiki. Mutane suna rubuta dogon labari a wurin nan da kika nace a kai. Wata mata daga Cardiff ta ba ni tarihin cikinta kaf.

Jiya wata oda ta shigo, kwalba ɗaya ta yajin jego, daga Aberdeen. Na kwafe miki abin da ya rubuta:

“Sunana Zubair, ɗan Hajiya Amatullahi da take zaune a Zariya yanzu. Malama ta san ni, ta koyar da ni, kuma na yi kwana uku a ɗakin cittarta. Matata Kubra ta haihu ranar biyu ga wata, mace, haihuwar fari. Na gaya wa Hajiya a waya cewa na ga yajin Malama a kwamfuta. Ta ce in saya, wai babu wanda ya rage a duniya da ya san awon sai su biyu, ita kuma hannunta ya daina ɗaga taɓarya.”

Mama, kwalbar tana nan a kabad ɗina, mai jan murfi. Hannuna yana kan madannin, sai na tuna takardarki. Ban danna ba. Na rubuta masa cewa na aika miki da sunansa, ya jira amsarki.

Kwana talatin za su cika ranar biyar ga Yuli. Arba'in ɗin matar tasa sha biyu ga Yulin. In kika amsa ranar da wannan ta iso, za mu cim ma lokacin. In kika je shagon waya, minti ɗaya ya isa. Ba wanda zai mutu don ya ji ki kin ce e.

Ban san duk abin da ya shiga tsakaninku da Hajiya ba, ina makarantar jinya lokacin. Na dai san ita ta yi mini kitso ranar aurena na farko da bai yiwu ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa na yi kuka ba.

'Yarki,
Emilia

*

Kafanchan
28 ga Yuni, 1999

'Yata Emilia,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan kuna lafiya.

Wasiƙarki ta iso ranar goma sha tara. Yau kwana tara tana ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki. Ba zan ce miki rashin lafiya ko ruwan sama ne ya hana ni ba.

Tun da kin ce ba ki sani ba, zan gaya miki sau ɗaya. Ni da Amatullahi mun fara yaji a 1971. Ni nake kawo citta daga dangin mahaifiyata, ita take da awo daga kakarta. Ni na koya mata riƙe alƙalami a ajin manya na yamma, ita ta koya mini yadda ake gane kimba mai kyau da hanci. Shekara goma sha shida muna turmi ɗaya, rumfa ɗaya.

A watan Maris na 1987, da gari ya rikice, da rana tsaka ta zo ƙofata da 'ya'yanta huɗu. Na buɗe. Na saka su a ɗakin citta, na jera buhuna a bakin ƙofar, na ɗauko kujera na zauna a waje da bulalar makaranta a cinyata. Samarin da suka zo tambaya duk ɗalibaina ne, na kira kowanne da sunan ubansa, suka juya. Kwana uku. A na huɗu na samo musu mota zuwa Zariya.

A wannan makon ne, a wannan Zariyar, aka tare kawunki Kumai a ƙofar cocin da yake katikis, mai koyar da addini. Mako biyar ya yi a asibiti kafin ya cika. Ni na goye shi yana jariri. Ban ce Amatullahi ce ta ɗaga masa hannu ba, ni ba jahila ba ce. Amma gawarsa ta zo gida, mutane suka zo gaisuwa daga Kagoro, daga Fadan Kaje, har Inyamuran layin dogo suka rufe shaguna suka zo, ita kuwa ban zauna da ita a tabarma ɗaya ba har yau. Wannan shi ne abin da ke tsakaninmu.

Yanzu ta aiko ɗanta ta cikin inji, don ta sami abin da take so ba tare da ta dubi idona ba. Kwana tara ina wannan tunani, ina kuma jin haushin cewa ta yi gaskiya a abu ɗaya: babu wanda ya san awon sai mu biyu.

Amma yarinyar da ta haihu a ƙasar sanyi, ba uwa kusa, ba ta yi mini komai ba. Zubair kuma shi ne ya riƙa toshe bakin ƙanwarsa da hannu don kada tarin citta ya tona su.

Ki danna yarda. Ki ba shi mai jan murfin, gyara cokali huɗu. Kada a karɓi kuɗinsa. Idan tsarin Raphael bai san kyauta ba, ki biya da naki katin. Ki gaya masa ta riƙa sha a kunu da safe, ba a miya kaɗai ba. Kada ki aika gaisuwata ga kowa.

Na lissafa kwanakin. Za su yi wuya, amma gidan waya yakan yi abin mamaki wani lokaci.

Mahaifiyarki,
Martina

*

Leeds
11 ga Yuli, 1999

Mama,

Wasiƙarki ta iso jiya. Kwana biyar da rufewa.

Ranar biyar ga wata ina bakin aiki, kwandon ya cika kwanakinsa, ya aika wa Zubair maganarki, harafi da harafi kamar yadda kika ce. Raphael ya tambaye ni tun ana saura kwana biyu ko ya ƙara lokacin. Na ce a'a. Kin ce talatin. Kuma gaskiya, Mama, na ɗauka shirun naki shi ne amsar. Na girma a gidanki, na san yadda kike cewa a'a.

Jiya na rubuta masa na bayyana komai, na ce zan aika yau da gaggawa. Ya amsa da layi biyu. Ya ce ba komai, kar in wahalar da kaina, wata maƙwabciyarsu ta haɗa wa Kubra wani abu da kayan shagon Indiyawa. Ya ce ya riga ya karanta wa Hajiya saƙon a waya, don ta yi ta tambaya kullum.

Kwalbar tana nan. Ban san abin da zan yi da ita ba.

Emilia

*

Zariya
14 ga Yuli, 1999

Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da iyali na kusa da na nesa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya tsufa. Ban ba jika ya rubuta ba, don ke kika koya wa hannun nan, gara ki ga yadda ya koma.

Saƙonki ya iso. Zubair ya karanta mini sau biyu, na ce ya sake, ya ƙi. Ya ce wai inji ne. Na ce injin bai iya wannan Hausar ba, wannan bakin Malama ne, ko a mafarki na ji zan gane. Daga baya ya ce 'yarki ta ce kin yarda amma takarda ta makara. To, Allah ya sani. Ni dai na san tsawon lokacin da wasiƙa take yi a hanya, kuma kin koya mini lissafi.

Ba don yaji na rubuto ba. Yarinya ta yi arba'in, ta warke, an sa wa jaririya Fatimatuzzahra'u. Na rubuto ne don Zubair ya ce 'yarki ta gaya masa wai abin da ya ɓata miki rai shi ne ban zo gaisuwar Kumai ba.

Malama, ki ji tsoron Allah. Na zo. Ranar uku. Mijina ya hana, 'yan'uwana suka ce za a kashe ni a hanya, na saka mayafi na hau jirgi ni kaɗai. Na tsaya a ƙofarki da ƙwaryar gero a kaina, ana kallona daga kowane gefe, babu wanda ya amsa sallamata. Ƙanwarki Angelina ta shiga ta gaya miki, ta fito ta ce Malama ba ta karɓar baƙi. Alhali ga mutane suna shiga suna fita ta gefena. Na ɗaga kai na ga labulen ɗakinki, mai furen shuɗi, wanda muka saya tare, ya motsa. Na ga gilashin idonki. Na tsaya har rana ta bar tsakar ka, na ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, na koma tasha.

Ban riƙe ki ba a lokacin. Na ce ɗan'uwanta aka kashe, kuma masu salla irin tawa ne suka yi, bari zuciyarta ta huce. Ni na je asibiti wurin Kumai sau huɗu kafin ya rasu, ina kai masa kunu. Ban taɓa gaya miki ba, yau ma ba don ki gode ba ne. Na jira shekara ɗaya ki rubuto, na jira biyar. Da yaron nan ya ce ya ga sunanki a kwamfuta, na ce watakila ta wannan ƙofar ba sai kin leƙa ta labule ba.

Kin ceci raina da na 'ya'yana, wannan yana wuyana har kabari, kuma kullum ina saka ki a addu'a. Amma sau biyu ke nan, Malama. Ƙafata ba za ta iya na uku ba.

Na ji an ce kina rage kulla a na jego. Kada ki rage.

Allah ya sa mu gama lafiya.

Amatullahi

*

Kafanchan
2 ga Agusta, 1999

'Yata Emilia,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji.

Na haɗa miki da wasiƙar da ta zo mini daga Zariya. Ki karanta. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, har labulen.

Ki ba Raphael haƙuri a kan hutunsa shida. Ya sauke kwandon da na zaɓa, ya kafa na farkon, wanda ba ya tambayar kowa. Duk wanda ya danna a ba shi. Maganar da na rubuta a goge ta, kada a bar kwafinta a ko'ina. Gyara tana nan yadda take. Mai jan murfin ki ba mace ta farko da ta haihu a asibitinku.

Ranar Litinin ta makon jiya na daka sabo, da kulla cikakke, na ba direban motar Zariya tare da takarda mai layi uku. Ya ce ya miƙa a hannunta. Kwalbar ba ta dawo ba. Amsa ma ba ta zo ba.

Ban saka mata kwanaki ba.

Mahaifiyarki,
Martina